René Vautier da fim ɗin da Faransa ta ɓoye

Malam, ka tambaya ko akwai Bafaranshen da ya taɓa yin fim yana tona asirin mulkin mallakar ƙasarsa tun lokacin da ake cikinsa. Akwai, sunansa René Vautier.

An haife shi a 1928 a yankin Bretagne na Faransa, kuma tun yana ɗan shekara 15 ya shiga sahun masu yaƙar mamayar da Jamus ta yi wa Faransa. A 1949 wata ƙungiyar ilimi ta tura shi Afirka ta Yamma ya ɗauko rayuwar ƙauyuka don a nuna wa ɗalibai. Abin da ya tarar shi ne aikin tilas, haraji mai karya talaka, da ƙauyukan da sojoji suka ƙona a Kwaddibuwa. Su ya ɗauka, ya taka dokar Laval ta 1934, wadda ta hana ɗaukar fim ba da izinin gwamna ba a ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar. 'Yan sanda sun ƙwace yawancin abin da ya ɗauko. Da ɗan ragowar ya haɗa fim mai suna Afrique 50, wanda bai kai minti ashirin ba. Sakamakonsa ɗaurin shekara guda, fim ɗin kuma aka haramta shi shekaru arba'in. Wallahi wannan jarunta ce, ga yaro mai shekara 21.

Bai daddara ba. Ya bi mayaƙan 'yancin Aljeriya da kyamara, a 1972 ya samu kyautar masu sharhi a bikin finafinai na Cannes, a 1973 ya yi yajin cin abinci na kwana 31 kan tace finafinai saboda siyasa. Ya rasu a Janairun 2015.