Ƙiƙi-ƙaƙa daban, canjaras daban

Ɗana, wa alaikumus salam. Saƙonka ya same ni lafiya. Ka ce an zauna kan gonar gadon kakanku, baffanninka biyu kowa ya kafe, manya suka ce a bar maganar ta kwana. Kana tambaya ko wannan shi ne canjaras, kuma me ya hana a yanke a huta.

Ba canjaras ba ne. Canjaras sai an gama. 'Yan dambe su yi turmi uku babu kisa, a raba su, kowa ya kwance zaren hannunsa ya koma wajen makaɗinsa. Haka kunnen doki da kuke ji a rediyo in an tashi ƙwallo ɗaya da ɗaya, tunda kunnen doki babu wanda ya ɗara ɗan'uwansa tsawo. Abin da ke gidanku ƙiƙi-ƙaƙa ne. Ni kunnena abu biyu yake ji a cikin kalmar: ga "ƙi", ga "ƙaƙa" irin tamu ta yamma, wadda Kanawa ke cewa "yaya". Kowa ya ƙi, an rasa yadda za a yi. Ja-in-ja ma ta fi shi sauƙi, don igiyar tana motsi. A nan magana ta cije, kamar amalanke a laka, ba gaba ba baya.

Mahaifinka kuwa nasa sunan daban ne. Shi yana tsaka mai wuya: in ya bi wansa ya ɓata da ƙaninsa, in ya bi ƙanin a ce ya raina babba. Gaba kura baya siyaki ke nan, kuma siyakin ma dangin kura ne, mai zane-zane a jiki. Irin wannan halin mutum ɗaya ne ke shiga, shi ne ƙaƙa-ni-ka-yi. Ka tausaya masa.

Abin da manya ke gudu shi ne a tashi baram-baram, wani ya kaɗe riga ya fita da rantsuwa a bakinsa. Rantsuwa in ta fita, dawo da ita aiki ne. Shi ya sa ake cewa ta kwana.

Ina yaro na ga irinta a kan iyakar gona. Gamban da aka shuka a matsayin shaida ya mutu, maƙwabta biyu kowa ya ce nan ne. Muka tsaya cirko-cirko cikin rana, ɗaya ya dogara da fartanyarsa, ɗaya yana ta nuna wani kututturen ƙirya da sanda. Mai unguwa ya duba ƙasa, ya duba su, ya ce a je a yi azahar. Na ɗauka ya gaza ne. Ashe bayan sallar asuba ya bi su gida ɗaya bayan ɗaya, shi da liman. Da aka sake haɗuwa sai na ji babban ya ce, "Na bar kunya biyu saboda darajar Malam." Ka lura, bai ce ya bar wa abokin faɗansa ba. Ya bar wa Malam. Mutum zai iya sunkuya wa babba a gaban jama'a kansa bai ƙasƙanta ba, amma bai iya sunkuya wa wanda suke ja da shi. Wannan ƙofar ce daren nan ke buɗewa.

Ko a kasuwar dabbobi haka ne. Ka taya sa, mai shi ba zai ce maka a'a ba, sai ya ce "albarka". In ciniki ya cije, dillali ya ja wannan gefe ya raɗa, ya ja wancan, har a ce an sallama. La'adarsa ta wannan zirga-zirgar ce.

Manyan ƙasa ma ba su tsira ba. Masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, amma Kabawa suka kafu a Argungu, Yakubu Nabame ya sake ɗaga takobi a 1849. Daga nan Sakkwato da Gwandu ba su ci Argungu ba, Argungu ba ta kawar da su ba. An yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, bai kai shekara goma ba ya warware. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka da ƙafarsa zuwa Argungu, aka tarbe shi da bikin kamun kifin da ake yi har yau.

Sai dai kwanan magana yana da iyaka. Na ga gadon da aka bari ya kwana shekara ashirin, har jikoki suka gaji gabar. Wannan sakaci ne, ban yarda da shi ba. Gado kuma Allah ya riga ya raba shi, in sulhu ya ƙi, alƙali na nan.

Don haka kada ka rubuta komai a zauren WhatsApp na dangi. Ka je wajen gwaggonku babba ka gaishe ta, ka faɗa mata abin da ka ji a zaman, ka yi shiru. Baffannin naka dukansu biyu a bayanta suka yi wayo. Ni ma zan shigo ranar Juma'a in Allah ya yarda. Ka gaida mahaifiyarka.