Tsohon hannu da sabon bugun Dungeons & Dragons

Malam, ka ce kun saba da tsohon bugun wannan wasan tebur (mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa ya zama jarumi a cikinsa) tun kuna makaranta, yanzu ƙannenku a ƙauyenku na gefen Kazaure sun kawo sabo, kana jin kamar an ƙwace maka shi. Na san wannan zafin.

A bugu na biyu na 1989, ƙaramar lambar sulke (lambar da ke nuna wuyar samun jarumi da sara) ita ce mai kyau, sai ka yi ta debewa kafin ka san ko saranka ya shiga. Tun bugun 2000 aka juya: jefa dayis (ƙwayar jefawa mai lambobi) mai fuska 20, haɗa da ƙarin makin jaruminka, in ka kai lambar sulken abokin gaba ka same shi. Bugu na biyar na 2014 ya ƙara sauƙi: wanda yanayin wasa ya ba rinjaye ya jefa dayis biyu ya ɗauki babba.

Ni salon ne ya fi ba ni wuya. Yaran nan labari suke so, su yi ciniki da sarki, su sasanta da ɗan fashi. Mu kuwa kogo da dukiya muka sani, jaruminmu kan mutu da wuri. Bar ɗayansu ya ja labarin bayan la'asar a gindin dalbejiya, kai ka zama ɗan wasa har zama uku. Daga nan ka ja musu naka salon su ɗanɗana.