Tsohon injin niƙa na bakin kogi zai iya ba da wutar lantarki?

Tambaya: Na ji ana cewa a Ingila da Faransa ana mayar da tsofaffin injinan niƙa masu aiki da ruwa su koma samar da wuta. Ta yaya? Kuma wutar tana taka kara ta karya?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Ƙidayar da aka yi a Ingila a 1086 ta nuna injinan niƙa sama da 5,000 a bakin koguna, kuma har yau kufan da yawa daga cikinsu na nan. Abin da ke da daraja a irin wannan wuri shi ne madatsar da magabata suka gina da magudanar da suka haƙa, domin su ne aikin da ya fi cin kuɗi, ga shi an same su a gine.

Ƙarfin wutar ya dogara ga abu biyu: tsayin da ruwan ke faɗowa, da yawan wanda ke wucewa. A ce faɗuwar mita 2 ce, ruwan kuma lita 1,000 a kowace daƙiƙa. Bayan an cire asarar injin, za a samu kusan kilowat 14. Ba yawa, amma dare da rana yake zuwa, ba kamar sola ba.

Inda faɗuwar ba ta da tsayi, an fi amfani da wani ƙaton ƙarfe mai murɗi da ake kira sukurun Arkimidis. Ruwa ya shiga ta sama, nauyinsa ya juya shi a hankali, giyabos ya ƙara gudun, sai janareta ya ɗauka. Kifi na bi ta cikinsa ya fita lafiya, shi ya sa na fi son sa. Mutanen garin New Mills da ke Ingila sun haɗa kuɗi sun kafa irinsa a kogin Goyt a 2008, mai kilowat 63.

Wahalar tana wajen takardu. A Ingila sai hukumar muhalli ta ba da lasisi, kuma dole a bar wa kogin kasonsa na ruwa, sau da yawa har da hanyar da kifi zai hau. A Faransa kuwa, wanda ya tabbatar injinsa na nan tun kafin 1789 yana da tsohon haƙƙin amfani da ruwan. Ni dai kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, nakan ce a auna ruwan na shekara guda cur, domin in zafi ya yi kogi ya ja baya, injin tsayawa yake yi.