Na bi jadawalin jarumai na faɗo daga Gold: laifin wa?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina buga Overwatch 2 a kwamfuta, a ɓangaren masu kai hari, kuma da Reaper da Junkrat na hau matakin Gold. Sai na ga jadawalin da ke jera jarumai daga S zuwa D, an ɗora Tracer da Sojourn a sama, nawa biyun kuma an jefa su can ƙasa. Na ajiye su na koma wa na saman. Yanzu ga ni a Silver. Shin jadawalin ƙarya ne? In ba ƙarya ba ne, kai yaya za ka jera su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jadawalin bai yi maka ƙarya ba, sai dai ba da kai yake magana ba. Yawancin masu haɗa shi 'yan matakan ƙoli ne, Grandmaster ko Champion, ko masu horar da ƙungiyoyin gasa, kuma tambaya ɗaya suke amsawa: idan aka miƙa wa gwani wannan jarumi, a wannan sabuntawar, cikin mutum biyar da ke jin maganar juna, me zai iya fitarwa? Taka tambayar daban ce. Kai kana son sanin wanda zai fi ciyo maka wasa da hannunka na yau, tare da mutum huɗu da ba ka san su ba, waɗanda wataƙila ko makirufo ba su kunna ba.

Mu ɗauki Tracer, tunda ita ta jefa ka rami. Jininta 175 ne, alhali yawancin masu kai hari suna da 225 zuwa 250 ko fiye. Tana da ƙyaftawa uku da take ɓacewa ta ɓullo gaba, da kuma komawa baya da ke mayar da ita inda take kimanin daƙiƙa uku da suka wuce, jininta ya dawo. Ka dube ta a hannun gwani a wurin farko na filin King's Row. Ba ya shiga da wuri. Yana laɓe a lungu har sai tankarsa, wato jarumin da ke tsayawa gaba yana shanye wa ƙungiya harbi, ya ja hankalin kowa, sannan ya kashe ƙyaftawa ɗaya ya faɗa bayan Ana, jarumar da ke yi wa abokan gabansa magani, ya zazzage mata harsashi, ya ajiye biyu don gudu. In Ana ta juyo da allurar barci, ya riga ya matsa gefe. Ko bai kashe ta ba ya gama aikinsa, domin daƙiƙun da ta yi tana kare kanta, tankarta na can gaba babu mai yi masa magani. Yanzu ka dubi sabon hannu: ya ƙona ƙyaftawa ukun duk a hanyar zuwa, ya iso shi kaɗai kafin faɗa ya kaure, mutum uku su juyo kansa, ya danna komawa baya ta mayar da shi tsakiyar su. Jarumar ɗaya ce, lambobin ɗaya ne. Reaper kuwa yana da jini mai kauri, yana shan jini daga wanda ya harba, yana da hayaƙin da zai sulale ya fice in ta ɓaci. Yana yafe kuskure. A sama an rage masa daraja ne saboda can ana jin takunsa, ana kiran sunansa, a tare shi tun daga nesa kafin bindigoginsa masu gajeren zango su yi amfani. A Gold ba kasafai ake juyowa ba.

Abu na biyu da jadawali ke ɓoyewa shi ne ƙarfin jarumi ba a jikinsa kaɗai yake ba, yana jikin waɗanda ke tsaye kusa da shi. Tarihin wasan ya nuna haka ƙarara. Tun fitowar Overwatch a Mayun 2016 ake mutum shida da shida, kuma a 2017 zuwa farkon 2018 yayin dirar mikiya ake yi: Winston da D.Va su yi tsalle kan mai tallafi ɗaya, Tracer da Genji su biyo, a gama da shi cikin ƙiftawar ido. Sai Blizzard, kamfanin da ke yin wasan, ta saki Brigitte a Maris 2018, da garkuwarta da bugun da ke sandarar da mutum, aka ce ga maganin Tracer. Abin da ya biyo baya ya wuce haka nesa. Aka haifi tsarin GOATS, tanka uku da masu tallafi uku: Reinhardt, Zarya, D.Va, Brigitte, Lúcio, da Zenyatta ko Moira. Su dunƙule wuri ɗaya, Lúcio ya ba su gudu, su bi ta kan duk wanda ke gabansu. A gasar Overwatch League ta 2019 sai da ta kai gwanayen harbi na duniya suna riƙe da Brigitte da Zarya, ɓangaren masu kai hari gaba ɗaya ya kusan zama abin kallo. An yi ta rage wa Brigitte ƙarfi, tsarin ya ƙi mutuwa, har sai da kamfanin ya kafa dokar biyu-biyu-biyu a 2019, wato tanka biyu, masu kai hari biyu, masu tallafi biyu. Reinhardt na wancan lokacin bai fi na kafinsa wani ƙarfi ba. Abokan tafiya ya samu.

Da aka rufe wannan ƙofa, Sigma ya iso a Agustan 2019 ya haɗa kai da Orisa, aka shiga yayin garkuwa biyu. Da Overwatch 2 ya fito ranar 4 ga Oktoba 2022 aka koma biyar da biyar, tanka ɗaya tak, aka ƙwace wa Orisa garkuwa aka ba ta mashi, Doomfist ya koma tanka. Duk jadawalin da aka rubuta kafin wannan rana ya zama tarihi. Kuma ba sai an yi irin wannan juyin ba. Mauga ya shigo a Disambar 2023 ya mamaye wasannin matsayi har sai da aka datse masa fiffike. A Fabrairun 2024, kaka ta 9, wato zango na tara na wasan, ta ƙara wa kowa jini ta kuma faɗaɗa harsasai, lissafin harbi nawa ke kashe wane ya sauya duka. Ana yin kaka cikin kimanin mako tara, da gyara a tsakiyarta. Don haka abu na farko da za ka duba a kan kowane jadawali shi ne kwanan watansa.

Fili ma yana da ta cewa. Widowmaker a dogayen titunan Circuit Royal ko Havana sarauniya ce, a cikin ɗakin Control Center na Lijiang Tower kuwa ba ta da wurin miƙe bindiga, nan Reinhardt da Symmetra ke cin kasuwarsu. Watchpoint: Gibraltar cike yake da benaye, sai mai tsalle irin Winston. Na'ura ma haka: saiti da maus daban, saiti da ɗan yatsa a PlayStation ko Xbox daban, shi ya sa Pharah ta daɗe tana addabar 'yan can, kuma a 2016 Blizzard ta rage ƙarfin bindigar da Torbjörn ke dasawa da kashi 30 cikin 100 a kan waɗannan na'urori kaɗai. In kuma intanet ɗinka na da jinkiri, jarumai irin Tracer da Genji, masu rayuwa a kan rabin daƙiƙa, su ne suka fi cutuwa.

Kada alƙaluman cin wasa su rufe maka ido su ma. A tsohon Overwatch, Symmetra da Torbjörn sun sha zama a saman jerin masu yawan nasara, amma babu wanda ya ɗauke su mafi ƙarfi. Ana ɗaukar su ne a inda suka dace, wajen tsare wurin farko, kuma masu ɗaukar su mutane ne da suka san su ciki da bai. Jaruma Ana kuwa kusan kowa na ɗaukarta, gwani da ɗan koyo, don haka a ƙananan matakai sau da yawa za ka ga nasararta ba ta kai rabi ba, duk da cewa kayan aikinta na cikin mafiya kyau a wasan.

To ga yadda ni nake jera su. Ba na auna jarumi da yawan ɓarnarsa, domin lambobi ne ake ɗagawa a sauke kowace kaka. Ina duba abin da yake yi wanda wani ba ya iya yi, shi ne ke daɗewa. A masu tallafi, Ana da Kiriko da Lúcio nake sa wa gaba. Gurnetin Ana yana toshe wa abokin gaba magani na 'yan daƙiƙu, kuma a wasan da tanka ɗaya ne jigon ƙungiya, wannan hukuncin kisa ne ga Roadhog ko Mauga. Kiriko ita ce amsar Ana: ƙararrawarta tana wanke wannan toshewar, ta tashi wanda aka sa barci, ta kare mutum na ɗan lokaci, sannan ita kanta tana ratsa bango ta tsere wa mafarauta. Lúcio gudu yake bayarwa, kuma ƙungiyar da ta fi gudu ita ke zaɓar lokacin da za a yi faɗa. Amma a nan akwai sharaɗi: gudun Lúcio ba ya amfanar mutanen da kowa ya kama gabansa, saboda haka darajarsa tana hawa ne tare da matakinka. Baptiste na biye da su saboda fitilarsa mai hana mutuwa. Moira ina sa ta ƙasa a gasa, sama a Silver da Gold, domin tana zuba magani mai yawa ba tare da wahalar saiti ba, kuma tana da wuyar kamawa.

A tankoki, Winston da D.Va da Sigma su ne ba sa daɗewa a ƙasa. Biyun farko suna iya zaɓar wanda za su far wa, su kuma fice, na ukun yana riƙe dogon fili da garkuwar da yake turawa ya janye. Zarya kuwa, a matakinka, ina ɗora ta sama da inda manya ke ajiye ta. Ka lura da abin da ke faruwa: ta sa wa kanta kumfa, mutum uku su buɗe mata wuta, kowane harsashi ya ƙara wa haskenta zafi, kafin su ankara ta cika tana yanka su ɗaya bayan ɗaya. Gwanaye suna ɗaga hannu har kumfar ta faɗi, ko su haɗu su fasa ta nan take su gama da ita. 'Yan Gold suna yin tsaka-tsaki, wanda shi ne mafi muni.

A ɓangarenka, na yarda da masu jadawalin cewa Tracer da Sojourn su ne a ƙololuwa idan hannu ya kai. Sojourn tana tara caji da harbin yau da kullum, sannan ta saki harbi ɗaya mai isa nan take, ga zamiya da tsalle na kuɓuta. Sai dai duk darajarta tana kan wannan harbi ɗaya. In kana ɓarar da shi, Soldier: 76 ya fi ta amfani a hannunka, domin yana da gudu, yana da maganin kansa, kuma harbinsa ba ya neman ka dace sau ɗaya rak. Daga Bronze zuwa Platinum, jerina na sama shi ne Soldier: 76, Reaper, Cassidy, Torbjörn, Mei, da Junkrat a filayen da ke da matsattsun ƙofofi.

Shawarata: koma wa Reaper ɗinka a wasannin matsayi, ba abin kunya ba ne. Amma jadawalin ya gaya maka gaskiya guda da ya kamata ka ji. Jarumanka biyu duk 'yan kusa ne, kuma ranar da Pharah ko Echo ta tashi sama, ko aka jefa ka dogon fili, hannunka a ɗaure yake. Ka ƙara ɗaya mai harbin nesa, Soldier: 76 ko Cassidy, ya zama kana da uku da ke rufa wa juna asiri. Tracer kuma kada ka yar da ita, ka kai ta wasan da ba a ƙirga matsayi, ka koyi abu ɗaya a lokaci guda. Fara da wannan: kada ka shiga faɗa sai da ƙyaftawa ɗaya a ajiye. Ka riƙa kallon maimaicin wasanninka, ka tsaya a kowace mutuwa ka duba ina tankarka yake a lokacin. Za ka ga sau da yawa kai ka riga shi shiga.

Wannan duka ya shafi wasan Marvel Rivals na kamfanin NetEase, wanda ya fito a Disambar 2024 da jarumai 33, shida da shida, babu tilasta yawan tanka, masu kai hari ko masu tallafi. Can ma abin ya fi tsanani, domin akwai ƙarfin haɗin gwiwa da ke buɗewa sai in an ɗauki wasu jarumai tare, ana kuma sauya su daga kaka zuwa kaka, jarumi ya kwana a sama ya wayi gari a tsakiya don an raba shi da abokinsa.

Akwai wurin da jadawalin ke yi maka aiki kai tsaye ko da ba za ka taɓa na samansa ba, wato lokacin haramta jarumai, wanda ya shigo wasannin matsayi na Overwatch 2 a kaka ta 16, Afrilun 2025. Kowace ƙungiya tana cire biyu, huɗu ke nan, kuma wanda aka cire ya fita ga kowa. Mutane da yawa suna zaɓar wanda ya fi ba su haushi, shi ya sa Sombra ta sha kora tun farkon tsarin. Kai ka duba filin da aka ba ku da jarumin da kake shirin ɗauka. In Reaper za ka buga a King's Row, ƙuri'arka ta tafi kan Pharah ko Echo, masu shawagi a inda bindigarka ba ta kaiwa. In kuma Circuit Royal ne, cire Widowmaker, ka ɗauko Soldier: 76, ka bar Reaper sai an shiga cikin ginin ƙarshe.