Ina Matsayin Dokokin Manɗiƙi a Wajen Masu Cewa Komai Jiki Ne?

Tambaya: Malam, masu cewa babu abin da ke wanzuwa sai jiki da makamashi, ina suke ajiye dokar manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin tunani daidai) da ke cewa magana ba ta zama gaskiya da ƙarya lokaci guda? Ai ba a auna ta a sikeli.
Wani ɗalibi, Zariya

Amsa: Malam ɗalibi, sun rabu. Masanin falsafa John Stuart Mill ya ce daga yawan gani da ji muka tsamo ta. Wasu suka ce tsarin aikin ƙwaƙwalwa ce kawai, ra'ayin da masana falsafa Frege da Husserl suka yi wa raddi mai ƙarfi. Masanin falsafa Quine kuwa a 1951 ya ce ko manɗiƙi ana iya yi masa gyara.

Ga inda gizo ke saƙar. A 1937 injiniya Claude Shannon ya nuna makunnan lantarki na iya yin aikin manɗiƙi: biyu a jere suna aikin "da" (sai an kunna duka biyun wuta ke wucewa), a gefe da gefe kuma aikin "ko" (kunna ɗaya ya isa). To, waya ɗaya ta ƙone, na'ura ta ba da amsar banza. Ba ta saɓa wa fiziks ko kaɗan ba, amma kowa zai ce ta yi kuskure. Fiziks na faɗin abin da ya faru. "Kuskure" hukunci ne. A ganina wannan giɓi ne har yau masu cewa komai jiki ne suke fama da cikewa.