Hukuncin Kashe Gizo-gizo da Tautau a Cikin Ɗaki, da Tsoronsu

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matar aure ce a wani ƙauye kusa da Ringim. Tun da damina ta faɗi manyan gizo-gizo suka addabe ni a ɗaki, wani ya kusa tafin hannu, da dare sai su fito daga bayan jere. In na ga ɗaya jikina har rawa yake. Surukata ta hana ni kashe su, wai gizo-gizo ne ya ɓoye Annabi a kogo. Maigidana kuma ya ce tsoron ƙwaro raunin imani ne. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, zan fara da maganar maigidanki, don ita ta fi yi mini nauyi. Tsoron abin da ke cizo ko harbi ɗabi'a ce da aka halicci ɗan Adam da ita, kuma ba ta taɓa imani. Annabi Musa, Kalimullahi, da ya ga sandarsa tana motsi kamar maciji, juyawa ya yi da gudu bai waiwayo ba, kamar yadda ya zo a Suratun Namli aya ta 10. Allah bai zarge shi ba, cewa ya yi da shi kada ya ji tsoro. Tsoron da ke ɓata aƙida shi ne ki ɗauka wannan halitta tana cutarwa da ikon kanta, ko ki yanke cewa aljani ne ko turen maƙiya ba tare da hujja ba, har ki kama hanyar gidan boka. In babu wannan, imaninki na nan lafiya. Kuma ina roƙon maigidan ya tsawatar wa duk mai ɗauko ƙwaro ya jefa miki da sunan wasa, domin Abu Dawuda ya ruwaito cewa bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba.

Maganar kogo kuwa, surukarki ba daga kanta ta ƙirƙiro ba. Labarin saƙar gizo a bakin kogon Sauru ya zo a Musnadin Imamu Ahmad daga Ibnu Abbas. Ibnu Kasir da Ibnu Hajar sun kyautata isnadinsa, wato jerin maruwaitansa, Albani ya raunana shi. Abin da ya tabbata a Bukhari da Muslim shi ne Sayyidina Abubakar, suna cikin kogon, ya ce da ɗaya daga cikin mushrikan da ke nemansu zai dubi ƙarƙashin ƙafarsa da ya gan su, Annabi (SAW) ya ce masa: mene ne zatonka da mutum biyu da Allah ne na ukunsu? To ko mun karɓi labarin saƙar, ba ya haifar da haramci. Waɗanda aka hana kashewa a hadisin Ibnu Abbas huɗu ne: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da wani tsuntsu da ake kira suradu. Babu gizo-gizo a ciki. Haka kuma abin da wasu ke yaɗawa cewa gizo-gizo shaiɗan ne a kashe shi, bai inganta ba. Suratul Ankabut ma, sura ta 29, misali ta buga a aya ta 41 da raunin gidansa ga masu riƙon majiɓinta ban da Allah, ba ta yi umarni ko hani a kansa ba.

Saboda haka hukuncin yana bin cutarwa. A Risala, Ibnu Abi Zaid ya ce babu laifi a kashe tururuwa in ta cutar kuma aka kasa haƙuri da ita, amma barinta ya fi. In an ba da wannan dama a kan wadda nassi ya kare, gizo-gizo ya fi cancanta. Wanda ya shigo makwancinki, ko kusa da jariri, ko ya hana ki barci, ki kashe shi, babu zunubi. Wanda ke can saman azarar zaure ko jikin rumbu, ki ƙyale shi, sauro da ƙuda da kyankyasai yake rage muku. Mafi yawan waɗannan manya masu shimfiɗewa a bango gudun mutum suke, farautar ƙwari ce ke fito da su da dare.

Abu guda na hana ki: wuta. Na sha ganin an kunna karan dawa an bi ƙwaro da shi har jikin jinka. Annabi (SAW) ya ga gidan tururuwa da aka ƙona, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Ga kuma haɗarin gobara. Bugu ɗaya na takalmi ko tsintsiya ya wadatar, shi ne kyautata kisa da hadisin Shaddadu ɗan Ausu ya umarta. Fiya-fiya ma kada ki zuba ki rufe ƙofa da yara a ciki, gubarsa ta fi ta gizon nesa ba kusa ba.

In ya faɗa randa ya mutu, a mazhabarmu ta Malikiyya mushen abin da ba shi da jini mai gudana tsarkakakke ne. Ki cire shi, alwalarki da ruwan ta yi matuƙar bai sauya ba. Ƙurajen nan masu ruwa da muke kira fitsarin tautau, sau da yawa wani ƙwaro ne daban ko wata cuta ta fata, don haka in sun fito a je asibiti, musamman in kusa da ido ne.

Ki janye gado daga bango, ki sauke jere ki share bayansa duk mako, a liƙe tsagar bango da laka, ki saki gidan sauro ki cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kakkaɓe shimfiɗa kafin kwanciya sunna ce a Bukhari da Muslim, don mutum bai san abin da ya hau ta bayansa ba. Da yamma ki karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", ita Annabi (SAW) ya koya wa mutumin da kunama ta harba, Muslim ya ruwaito. Surukarki kuma uwa ce, kada ki yi jayayya da ita. Ki bari ɗanta ya karanta mata wannan amsa cikin ladabi. Wallahu a'alam.