Abin da ya sa gwanin kafinta ke komawa ɗan koyo a Jamus

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ka tambaya me ya sa mutuminmu zai baro gida da sana'arsa a hannu, mai aski ne ko kafinta ko mahauci, amma in ya zo Jamus sai a ji ya koma koyo tare da sa'annin 'ya'yansa. Ka kuma ce ana ƙorafin cewa in sabon zuwa ya nemi a haɗa masa jari ya kama shago, sai 'yan'uwa su ce ya dakata tukuna, har wasu na ganin rowa ce. Doka ce ta ɗaure kowa. Akwai dokar sana'o'in hannu ta 1953, wadda a yau ta jera sana'o'i 53 da ba a buɗe shagonsu sai da takardar maista, wato shaidar cewa mutum ya kai matsayin maigidan sana'a. Aski na ciki, haka fawa, gashin burodi, kafinta, gini, aikin lantarki da kanikancin mota. Ɗinki ya fita daga jerin tun 2004, shi ya sa telolinmu ke da shagunansu, masu aski kuwa na aiki a ƙarƙashin wani.

Tushen abin ya girmi dokar da ɗaruruwan shekaru. Tsakanin 1500 da 1800 babu wata ƙasa guda mai suna Jamus. Daula ce mai babban sarki ɗaya, ta haɗa har da Ostiriya da ƙasar Cek ta yau, amma a ƙarƙashinta akwai ɗaruruwan masarautu da birane masu cin gashin kansu. A cikin ganuwar kusan kowane birni, kowace sana'a na da ƙungiyarta. Kai da ka san matsayin Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa ba za ka sha wuyar gane wannan ba, sai dai ikon ƙungiyar ya wuce sasanta rikici da tara haraji. Ita ke cewa wane zai koya, wane zai buɗe shago, ma'aikata nawa zai ɗauka, har ma wace mace ta dace ya aura. Ita ce kuma ke tallafa wa mamba in ya kwanta ciwo, in ya mutu 'yan'uwan sana'a su ɗauki gawarsa.

Duk ikon nan a cikin wani akwatin katako yake, mai makulli biyu ko uku, kowane mabuɗi a hannun mutum daban don kada wani ya buɗe shi kaɗai. A ciki ake ajiye dokokin ƙungiya, hatiminta, kuɗinta da littafin sunaye. Galibi sau huɗu a shekara ake zama. Da zarar an ɗaga murfin akwatin, kowa ya cire hula, ba shiga da makami, ba zagi, ba katse wa na gaba magana. Wanda ya saɓa ya biya tara, da kuɗi ko giya ko kakin zuma na kyandir ɗin coci. Duk abin da ba a yi a gaban buɗaɗɗen akwati ba, kamar ba a yi shi ba ne.

A nan ake kawo yaro ɗan shekara 14 ko kusa da haka, bayan ya yi 'yan makonni na gwaji a wurin maigida. Ubansa zai zo da masu tsaya masa, da kuɗin koyo, da takardar haihuwa mai hatimi. Takardar nan ita ce ke kayar da mutane. Dole ta nuna an haife shi ta hanyar aure, kuma iyayensa ba sa cikin sana'o'in da ake ƙyama. Hauni da mai feɗe mushe su ne kan gaba a jerin waɗanda ake gudu, a wasu garuruwa kuma har da masaƙan lilin, masu niƙa, makiyayan tumaki da masu gidan wanka. Hukumar daula ta yi doka a 1548, ta maimaita a 1577, cewa a riƙa karɓar 'ya'yan masaƙa da masu niƙa da makiyaya, amma ƙungiyoyi da yawa suka yi kunnen uwar shegu. Ƙyamar ma tana yaɗuwa: mai sana'a da ya kashe kare ko kyanwa, ko ya taɓa mushe, ko aka gan shi yana sha tare da hauni, yana iya rasa matsayinsa.

Koyo yakan ɗauki shekara biyu zuwa huɗu, uku ta fi yawa. In uba ba shi da kuɗin koyo, sai a ƙara wa yaro shekara ya biya da ƙarfinsa. A gidan maigida yake kwana, a nan yake ci, ba albashi, kuma maigida na da ikon horonsa. Inda abin ke lalacewa shi ne shekarar farko takan tafi a ɗiban ruwa da shara da renon 'ya'yan uwargida, yaro ya gaji ya gudu. Wanda ya gudu kuwa ba maigidan da zai karɓe shi a garin, kuɗin ubansa ma sun tafi. In ya jure, sai a yaye shi a gaban akwati, a rubuta masa takardar koyo.

Yayayye bai isa ya buɗe shago ba. A sana'o'i da yawa dole ya ɗauki jaka ya bar garinsu na wasu shekaru, uku ko fiye, yana aiki gari gari. Tafiyar na da tsari. In ya shiga gari sai ya nufi masaukin 'yan sana'arsa, wanda ake ganewa da alamar da aka rataya a ƙofa. Zai yi gaisuwa da wasu kalmomi da aka haddace, waɗanda ke nuna shi ɗan gida ne ba ɗan damfara ba. Ba shi zai bi shaguna neman aiki ba. Babban yayayyun garin ne zai zaga masa, bisa layin masu gidan da ke jiran ma'aikaci, don kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye. In an samu, yakan yi kamar mako biyu kafin a yanka masa albashi. In ba a samu ba, a ba shi abinci da makwanci da ɗan guzuri, gobe ya ƙara gaba. Ta wannan hanya sabon salon aiki ke tashi daga wannan gari ya sauka a wancan, kuma garin da aiki ya yi ƙaranci yakan rage wa kansa bakunan ciyarwa. Nuremberg ta yi akasin haka a sana'o'in da take tinƙaho da su, irin su jan wayar ƙarfe da ƙera kakaki: ta hana ma'aikatansu fita, don kada sirrin ya bi su.

Har yau akwai masu wannan tafiya, da son ransu. Za ka gan su a bakin titi da baƙar hula mai faɗi, 'yar shara mai maɓalli takwas, murɗaɗɗiyar sanda da ƙunshin kaya. Sharaɗin da aka saba shi ne mutum bai kai shekara 30 ba, ba aure, ba bashi, zai yi shekara uku da kwana ɗaya, kuma ba zai kusanci garinsu da ƙasa da kilomita 50 ba.

Yayayyun wancan zamani na da ƙarfi, domin suna da nasu asusun, labari kuma na tafiya a bakinsu. Sukan ƙi aiki ranar Litinin. In maigida ya ci zarafin ɗaya, sai su sa wa shagonsa takunkumi, wani lokaci ma garin gaba ɗaya, ba wanda zai sake aiki a can. A 1726 yayayyun masu ɗinkin takalma na Augsburg suka ajiye aiki suka fice daga birnin, abin ya tayar wa sarakuna hankali. Sakamakonsa shi ne dokar daula ta 1731, zamanin Sarki Karl na Shida. Ta wajabta wa kowane matafiyi riƙe bugaggiyar takarda mai sunansa, garinsu, shekarunsa, tsayinsa, launin gashinsa, tsawon aikin da ya yi da kuma halinsa, da sa hannun maigida da shugabannin ƙungiya. Wanda ba shi da ta wurin aikinsa na baya ba ya samun na gaba. An yi ta ne don karya yajin aiki, amma tana cikin abubuwan da suka koya wa ma'aikacin ƙasar nan cewa duk inda ya yi aiki ya fito da shaida a rubuce. Har gobe Bajamushe na adana irin waɗannan takardu a fayil, kuma su ake fara tambayar mu.

Matakin zama maigida shi ne ƙofa mafi ƙunci. Bayan dawowa daga tafiya, mutum zai yi shekara ɗaya ko fiye yana aiki a garin da yake son zama, yana jiran a ba shi izinin gwaji. Gwajin shi ne ya yi aiki guda na gwaninta, misali kabad ga kafinta, a shagon wani dattijon ƙungiya, da kayan da ya saya da kuɗinsa, masu sa ido na kai da komo. Aikin kan ci makonni ko watanni ba ya samun ko kwabo, sau da yawa kuma tsohon yayi ake sa shi yi, wanda ba mai saye. Kowane kuskure da tararsa. In ya ci, saura kuɗin shiga ƙungiya, kuɗin zama ɗan gari, walimar da zai yi wa masu gida, da aure, domin shago ba ya tafiya sai da uwargida mai dafa wa ma'aikata da tsare ciniki. Ɗan maigida kuwa ana rage masa kuɗi da shekarun jira. Haka wanda ya auri 'yar maigida ko matar da maigida ya mutu ya bari, shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga saurayi ya auri wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. A ganina rabin waɗannan sharuɗɗa na kare ingancin aiki ne, rabin kuma na kare tuwon waɗanda suka riga shiga.

Wanda ya gaza hawa wannan tsani yakan koma aiki a ɓoye, a ɗakin saman rufi. A Hamburg masu gida kan fita farautar irin waɗannan, tare da dogaran hukuma, su kwashe kayan aiki da abin da aka ɗinka. Akwai kuma waɗanda ba a ma buɗe musu ƙofa ba. Yahudawa ba sa shiga, shi ya sa a Prag, babban birnin ƙasar Cek, suka kafa nasu ƙungiyoyin. Kolon, birnin 'yan Katolika, ba ta karɓar 'yan Furotesta, ko da yake ita ce ke da ƙungiyoyin mata, irin ta masu siliki da aka kafa a 1437.

Ta fuskar inganci dai sun yi abin a yaba. A Ulm da Augsburg kowane bandir na yadin auduga da lilin sai ya bi ta gaban masu duba, su auna tsawo da faɗi, su duba saƙa, su buga masa alama gwargwadon darajarsa: hoton bijimi, zaki, inabi ko wasiƙa. Ɗan kasuwa a wata ƙasa yakan saya ba tare da ya warware ba. Kayan azurfa na ɗauke da tambari biyu, na maƙeri da na birni, in aka samu algus an san wuyan wanda za a kama. Iyakar sana'a ma a tsare take, kuma wannan ya shafe ka kai tsaye, kai da kake kafinta: mai yin kujera da kabad shi ke da ikon aiki da gam, mai kafa katakon rufi aikinsa daban, sun kuma sha kai juna ƙara. Har yau sana'o'i biyu ne masu takardu biyu. Kafintan gida da ke yin gado yau, gobe ya hau rufin kwano, sai ya zaɓi ɗaya in ya zo nan.

Prusiya, ɗaya daga manyan masarautun Jamus, ta soke tilascin shiga ƙungiya a 1810, Ostiriya a 1859, amma sharaɗin maista ya dawo a 1935, dokar 1953 ta riƙe shi. A 2004 aka rage sana'o'in da ke buƙatar maista daga 94 zuwa 41, a 2020 aka mayar da 12.

Ga hanyoyin da muke nuna wa namu. Mafi tabbas ita ce koyo na shekara uku zuwa uku da rabi, kwana uku ko huɗu a shago, sauran a makarantar sana'a, da ɗan albashi kowane wata. Abin da ya fi kayar da mutanenmu a nan Jamusanci ne da lissafin jarrabawar rubutu, hannu kam sun iya. Wanda ya daɗe yana aiki yana iya zama jarrabawar yaye ba tare da koyo ba, in ya nuna ya yi aikin na tsawon lokacin koyo da rabinsa, wato shekara huɗu da rabi a sana'ar shekara uku. Bayan yaye, ko ya yi karatun maista mai kashi huɗu, ko a yawancin sana'o'i ya yi shekara shida yana aiki, huɗu daga ciki yana jagorantar wasu, sannan ya nemi izini. Mai jari kuma yana iya ɗaukar maista aiki ya tsaya wa shagon. Tun 2012 akwai dokar da ta ba baƙo damar a auna takardunsa na gida da na nan, a majalisar sana'o'in hannu ta yankin da yake. Saboda haka duk yaron da ke shagonka, ka sa shi ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta gwamnati, kai kuma ka rubuta masa shaida mai ranar farawa da ranar gamawa, da irin ayyukan da ya yi, da injinan da ya sarrafa, ka sa hannu da hatimi. In babu kwanan wata a jiki, ma'aikacin majalisar ba shi da abin da zai lissafa shekarun da shi, sai ya mayar da takardar.